'Yar Kati da Malam Lodin

Ƙafafunsa ta fara gani. Ƙafafu ne dogaye sun leƙo daga ƙarƙashin teburin nas-nas na ɗakin mata, ɗaya da takalmi, ɗaya safa kawai, safar ma da huji a dunduniya. Ta tsaya riƙe da tiren allurai tana kallon ikon Allah, sannan ta yi gyaran murya ta tambaya ko mai ƙafafun yana da rai.

Mai ƙafafu ya zabura, kansa ya bugi tebur, ya fito yana yarfa hannu jini na ɗiga daga yatsansa. Ƙarfen da ake maƙale wayoyin kwamfuta da shi ne ya yanke shi. Ya ɗago zai yi magana, idonsa ya faɗa cikin nata, sai ya tsaya yana kallonta. Saurayi ne dogo siriri, tabarau ya karkace masa gefe guda. Shi ne injiniyan da kamfani ya turo ya mayar da aikin asibitin daga takarda zuwa kwamfuta, kwanansa uku da zuwa.

Ya miƙa mata yatsan ya roƙi ɗan filasta. Ta danna masa auduga, sannan ta ɗaure fuska kamar gaske.

"Ina katinka?"

"Kati? Ai ni na zo kawar da katin."

"To kafin ka kawar, je ka yanko. Ƙofa ta uku a hannun hagu. Nan ba ma duba mutum sai da kati."

Haka ya tafi, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ita kuwa tana juya baya dariyar da ta danne ta ƙwace.

Ƙofa ta uku ɗaki ne mai kantocin katako har rufi, kowace kanta cike da katuna, ga ƙanshin tsohuwar takarda. Mai ɗakin dattijo ne da duk asibitin ke kira Baban Kati, shekararsa talatin da ɗaya a kan kujerar nan. Ya tambayi saurayin sunansa da ranar haihuwarsa, ya tambayi sana'arsa da unguwarsu da sunan mahaifiyarsa, sannan ya juya katin ya yi ɗan rubutu da fensir a baya. Injiniya bai ko kula ba, hankalinsa na can ɗakin mata.

Abin da bai sani ba, nas ɗin da ta turo shi 'yar dattijon ce ta cikinsa. A ɗakin nan ta tashi, daga makaranta nan take zuwa ta yi aikin gida a kan kwali, shi ya sa har ta zama nas ba a daina ce mata 'Yar Kati ba.

Daga ranar, netwok ɗin ɗakin mata ya kamu da wata cuta da ba ta jin magani. Kullum sai injiniya ya zo duba shi sau huɗu, alhali ɗakin maza na can na kuka babu mai leƙa su. Kwamfutocinsa kuwa in aka danna sai su yi ta juya ɗan da'ira suna lodin, shi ya sa ta raɗa masa Malam Lodin, sunan ya bi shi har bakin get. Sati biyu ya yi yana kame-kame kafin ya iya roƙon lambarta.

Saƙonsa na farko ya shigo tana tsaye a tasha da yamma:

"Maganina, yatsa ya warke amma ciwon ya koma ƙirji. Da na ji takun takalminki a baranda sai ya tashi. Me za ki rubuta min?"

Ta karanta sau uku, motarta ta wuce ba ta sani ba. Ta mayar masa:

"Malam Lodin, ni nas ce, ba na rubuta magani. Amma ka rage zarya a ɗakin mata, shugabarmu Metiron ta fara lura da kai. Ka ci abinci kuwa?"

"Ban ci ba. Wanda ya samu mai tambayarsa ko ya ci ai ya ƙoshi."

"Daɗin baki ba ya hana olsa. Je ka ci."

Gaskiya ta so shi, so mai tsanani. Ta so yadda yake durƙusawa ya koya wa tsofaffin nas-nas danna madannai ba ya ƙosawa, ko sau goma suka manta. Shi kuwa tun ranar filasta ya riga ya gama yanke shawara, wata uku kacal ya ce mata yana so ya gaishe da iyayenta. Sai a lokacin ta faɗa masa ko ita 'yar waye. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Yana da dalilin tsorata. A satin ne shugaban asibiti ya sanar cewa ƙarshen wata za a rufe ɗakin kati, a kwashe katunan a ƙona, Baban Kati kuma a mayar da shi bakin ƙofa yana nuna wa marasa lafiya hanya har ya yi ritaya. Mutumin da manyan likitoci ke zuwa ƙofarsa su yi sallama, shi za a tsayar yana nuna hanyar banɗaki!

Umma, mahaifiyarta, ce ta kai wa Baba zancen auren da lallashi bayan ya ci abinci. Ya saurara har ta gama, sannan ya sa aka kira 'yar.

"Yaron nan na ji shi da kunnena," in ji shi. "Ya shigo ɗakina da abokan aikinsa, ya nuna kantocina ya ce in an kwashe tarkacen nan za a samu wurin ajiye injina. Ina zaune. Mutumin da ya kalli aikin shekara talatin ya kira shi tarkace bai san darajar abin da aka riƙe da wahala ba. Ba zan ba shi 'yata ba."

Ta sunkuyar da kai hawaye na zuba.

Ga kuma wani likitan ƙashi, wanda ya daɗe yana mata kewaye-kewaye. Ba mugun mutum ba ne, sai dai in ya fara hira daga kansa yake farawa a kansa yake ƙarewa, kuma ya riga ya sanar da ita cewa matarsa ba za ta yi aiki ba. Baba kuwa ya ɗauke shi ɗan arziki, don har yanzu yana rubutu da biro, kuma yana karɓar masa jaka in sun haɗu a get. Da likitan ya ji Baba ya ƙi Malam Lodin, sai gaisuwa ta ƙaru.

Malam Lodin ya yi mata rantsuwa cewa rufe ɗakin ba da hannunsa ba ne, hukuncin manya ne. Ta yarda da shi. Sai ranar da ta kai wa Metiron jadawalin aiki ta ga wata takarda a kan tebur, an rubuta an kammala kwashe bayanai, ba a ƙara buƙatar katunan takarda. A ƙasa ga sa hannunsa, wanda ta sani kamar nata.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ya kira ba ta ɗauka ba, ya zo ɗakin mata ta shige ɗakin magani ta rufo ƙofa. Ya turo:

"Maganina, rahoton aiki ne kawai, dole in sa hannu in na gama. Ban ce a taɓa Baba ba. Ki bari in yi miki bayani ko minti biyar ne."

Ta ba shi amsa guda, ba ta ƙara ba:

"Ka ce min ba hannunka, na ga hannunka. A kanka na tsaya gaban mahaifina ina kuka. Ka bar ni in ji da abin da ke damuna."

Kwana goma sha biyu ba ta kula shi ba. Ya rame, kwamfutocin ma kamar sun san halin da ake ciki, lodin ɗinsu ya ƙaru.

Ranar Laraba da hantsi aka kwantar da wata tsohuwa mai ciwon ƙirji. Likita ya duba kwamfuta ya rubuta allura, 'Yar Kati ta zuƙo ta a sirinji ta zo bakin gado. Tsohuwar ta riƙe mata hannu ta ce, "'Yata, ba irin wadda ta kusa kashe ni ba ce ko? Babanki ya sani."

Ta koma ta duba kwamfutar. Gurbin magungunan da jikin mutum ba ya karɓa an rubuta babu. Har za ta juya, sai idonta ya sauka ƙasa kaɗan: wai bara an yanke wa matar ƙafar hagu. Ta waiwaya ta kalli gado. Ga tsohuwa nan da ƙafafunta biyu tana kaɗa su.

Ta ajiye sirinjin ta fita da gudu, abin da Metiron ta hana.

Ɗakin kati ya zama kango. An sauke katunan duka an ɗure a buhuna, jibi Juma'a mota za ta kwashe su. Baba na zaune a tsakiyarsu ya zuba tagumi. Amma da yake shi ya ɗure su da hannunsa, bi da bi, tana faɗar sunan matar ya tashi ya kwance buhu na tara, ya zaro kati biyu ya ajiye a tebur.

Suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya: ɗaya ga Janairu, shekara ɗaya. Ya ce mata ai tun fil azal haka ake yi, duk wanda ya zo bai san ranar haihuwarsa ba sai a ƙiyasta shekara a rubuta masa ɗaya ga Janairu, rabin tsofaffin garin nan ranar aka haife su a takarda. Ya juya katunan. A bayan ɗaya an rubuta da fensir: mai ɗinki, bayan tashar mota. A bayan ɗayan: mai sayar da itace, tsallaken gada. Ta mai ɗinkin ce ke kwance, kuma a gaban katinta ga gargaɗi da jan biro kan allurar nan.

Ta zaro waya ta kira Malam Lodin. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ka zo ɗakin kati yanzu," ta ce, ta kashe.

Ya shigo yana haki, likitan ƙashi na biye da shi don ya ga gudun da ta yi. Malam Lodin ya kalli katunan biyu, ya buɗe kwamfutarsa, fuskarsa ta sauya. Shi da kansa ya umarci manhajar kwamfutar cewa duk inda ta ga suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, ta ɗauka mutum ɗaya ne aka yi wa kati sau biyu, ta haɗe su. Gaban katuna kawai suka ɗauka, ba wanda ya juya bayansu. Ya danna ya ga adadin, muryarsa ta dushe: fayil ɗari huɗu da goma sha biyu.

Likitan ya ja shi gefe ya ba shi shawara irin ta masu son zaman lafiya. Ya gyara na tsohuwar yanzu, sauran ya bi su a hankali ba wanda ya sani, tunda jibi za a yi taron miƙa aiki, in maganar ta fita kamfani ba zai bar shi ba.

'Yar Kati ta ji. Ta matso ta tsaya gabansa.

"Jibi za a ƙona katunan nan. In an ƙona, da me za ka gyara? Ni zan rubuta abin da ya faru a littafin rahoto, ko da kai ne. Ko ka faɗa, ko in faɗa."

Ya dube ta, ya dubi dattijon da ke tsaye ya harɗe hannu.

"Ni zan faɗa," ya ce. "Kuskurena ne."

Ranar ya shiga ofishin shugaban asibiti da katunan biyu a hannu, ya faɗi komai bai rage ba, bai kuma jingina wa kowa ba. Ya roƙi abu biyu: kada a taɓa buhunan, kuma a sa Baban Kati ya jagoranci gyaran, don ba wanda zai iya sai shi. Aka soke taro. Manajan kamfani ya zo ya wanke shi tas a gaban mutane, ya sauke shi daga shugabancin aikin, ya ce tunda shi ya ɓata sai ya zauna ya gyara da hannu ɗaya bayan ɗaya.

Washegari da safe ya yi sallama a ƙofa ta uku, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, na kira aikinka tarkace, ban san abin da nake faɗa ba. Ka yafe min, ka koya min."

Baba bai ce ya yafe ba. Ya tura masa wani guntun benci da ƙafa, ya ce ya kwance buhu na ɗaya.

Kai, yaron nan ya sha wuya! Dogon mutum a guntun benci, gwiwoyinsa har haɓa, daga safe har la'asar. Baba ya karanta bayan kati, shi ya raba fayil, in ya yi gaggawa a ce ya sake. Wani lokaci Baba ya tsaya kan kati ɗaya ya ba shi tarihin mai shi, yadda ya fara zuwa a goye har ya kawo nasa 'ya'yan. Da farko Malam Lodin na satar kallon agogo, daga baya shi ke tambaya. Ya ƙara sababbin gurabe a manhajar, na sana'a da unguwa da sunan mahaifiya, da wani ɗan akwati da ake dannawa in ranar haihuwar ƙiyasi ce. A sati na uku sai ga Baba ya jawo kujera yana danna madannai da yatsa ɗaya, yana mitar cewa haruffan ba a jere suke ba, wanda ya tsara su bai yi makaranta ba.

Saƙonta ya shigo masa a ranar:

"Malam Lodin ɗina, na leƙo ta taga na gan ka a bencin nan, tausayi ya kama ni, dariya ma ta kama ni. Na huce. Ka riƙe wuta."

"Maganina, in dai kin huce, ko shekara zan yi a kansa. Amma ki tanadar min maganin ciwon baya."

Ita ma ba ta zauna ba. Ta tare likitan ƙashi a baranda ta gode masa da mutunci, ta ce masa ya nemi wata, zuciyarta na wani wuri, aikinta kuma ba za ta bari ba. Sannan ta sami mahaifinta a gida, Umma na gefe, ta durƙusa.

"Baba, ba zan yi aure ba sai da yardarka. Amma kuma ba zan auri wani ba. In shekara goma ce zan jira."

Baba ya kalli Umma ya ce wannan taurin kan daga wajenta aka gado shi. Umma ta ce a'a, ita ta san inda aka gado shi, yana zaune yana shan shayi.

A sati na bakwai suka iso fayil na ƙarshe. Maza biyu ne, suna ɗaya, ɗaya ga Janairu, ɗayansu mai ciwon suga. Baba ya juya katin farko, ba komai. Ya juya na biyu, ba komai. Ya daɗe yana kallonsu, ya kai su kusa da taga ya sake dubawa.

"Nan ni na yi sakaci," ya ce a hankali. "Rubutuna ne a gaba. Ban tambaye su ba."

Kunya ta rufe dattijon, har ya kasa ɗaga kai. Malam Lodin ya matso. Ya kwafi tsofaffin adireshin biyu a tafin hannunsa ya fita.

Kwana uku yana yawo. Gida na farko an rushe shi an gina shaguna, ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya har aka kwatanta masa wani gareji, ya sami mutumin a ƙarƙashin mota. Na biyun ya tashi daga unguwar tun tuni, sai wata jikarsa aka samu ta ba da lambar waya. A rana ta uku ya shigo ɗakin kati da la'asar, riga ta jiƙe da gumi, ya ɗauki fensirin Baba ya miƙa masa da hannu biyu.

"Na farko makanike ne, Baba, shi ne mai sugan. Na biyu direba ne. Kai za ka rubuta, katinka ne."

Baba ya karɓa ya rubuta. Ya tambaye shi ko ya faɗa wa wani cewa bayan katunan fari ne. Ya ce a'a, ai ba abin faɗa ba ne, aiki ne ya rage aka ƙarasa. Dattijon ya jujjuya fensirin, sannan ya ce, ba tare da ya kalle shi ba, "Ka ce wa manyanka ina gida ranar Asabar."

'Yar Kati na can tana gwada wa wata mata hawan jini saƙo ya shigo: "Maganina, lodin ya cika. Asabar." Ta yi wata 'yar ƙara, matar ta tsorata ta zaci jininta ne ya hau.

Ba a ƙona katunan ba, an gyara musu wani ɗaki a baya. Baba bai tsaya bakin ƙofa ba, aka ba shi tebur a sabon ofishin rajista, duk sabon ma'aikaci sai ya zauna gabansa sati biyu ya koyi yadda ake tambayar mutum kafin a bar shi ya taɓa kwamfuta.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Asibitin ya kusa zama ba kowa, har Metiron ta yi ta faɗa kan wa zai tsaya aiki, ita kuma ta riga kowa zuwa. Da za a tafi da amarya, Baba ya sa aka kira ango. Ya kama hannun 'yarsa, wadda ke kuka a kafaɗar Umma, ya daɗe bai sake shi ba.

"Mutum dubu nawa aka ba ni amanarsu a ɗakin nan, na yi iya ƙoƙarina," ya ce. "Kowane kati in ya ɓace ana iya sake wani. Wannan kuwa ita kaɗai gare ni, ba ni da kwafinta. Ka riƙe min ita."

Ango ya yi ta gyaɗa kai, hawaye na bin ƙasan tabarau. Baba ya ɗora hannunta a nasa ya sake.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su tsufa tare suna tsokanar juna. Mu da muka shaida, mun ce amin.